Makulli na Biyu

Talata, 2 ga Yuli, bayan la'asar

Sun karɓe makullin. Ba su karɓa a hannu ba tukuna, sai Talata mai zuwa, amma an ɗaga hannu an gama. Mu goma sha ɗaya ne a zauren, tara suka ɗaga. Ni ban ɗaga ba. Shontelle ma ba ta ɗaga ba, don ita za a ba, kunya ta hana ta.

Shekara shida ina buɗe ƙofar nan. Kowace Talata ƙarfe goma da rabi ina bakin zauren cocin a unguwar Punchbowl, in kunna tukunyar ruwan zafi, in jera kujeru, in wanke kofunan da masu koyon rawa na ranar Litinin suka bari da jan-baki a jiki. Kafin sha biyu, duk wanda ƙwaya ko giya ta koro zai tarar da ɗaki da ɗumi, da shayi, da biskit. Ban taɓa makara ba. Ranar da aka binne yayata ma sai da na buɗe na kunna tukunyar sannan na wuce.

Des, tsohon direban bas da ke jan zaman, ya ce ƙa'ida ce: kowane aiki shekara ɗaya ne, sai a miƙa wa na baya don shi ma ya sami abin da zai riƙe shi. Na san ƙa'idar. Ina take duk shekara biyar ɗin nan da ba mai son tashi da wuri?

Hannun Noelene ne ya fara tashi. Noelene, jagorata a wannan tafiya ta barin ƙwaya, wadda ta zauna da ni a ƙasan banɗaki ina amai a makona na farko.

Na yi murmushi na ce Allah ya sa alheri. Har tafi na yi.

Laraba, 3 ga Yuli, bayan asuba

Na bincika zuciyata a kan darduma. Ban ji haushi ba.

Alhamis, 4 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

An sallamo mijina Abu Rabih daga asibiti da sabuwar gwiwa, da sanduna biyu, da farar jakar takarda daga kemis. Tun kafin in buɗe na san abin da ke ciki. Irin su ne. Irin ƙwayoyin da likita ya fara rubuta mini lokacin da bayana ya tashi a ɗakin wanki na gidan tsofaffin da nake aiki, suka cinye mini shekara huɗu, har na koyi yi wa likita uku ƙarya a mako ɗaya da mayafina a kai.

Ya dube ni ya ce, "Umm Rabih, in sa Rabih ya zo ya tafi da su gidansa? Ya riƙa kawo mini kullum."

Na ce, "Haba Abu Rabih. Ran shida ga watan gobe shekarata goma cif da dainawa. Ƙwaya ashirin da takwas ce za ta ba ni tsoro?"

Na ɗora kwalin a kan firji. Ni ce zan riƙa ba shi, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Abin da aka koya mana shi ne, in irin wannan ya shigo gida, a kira jagora nan take. Ban kira ba. Tana da hannu, ta ɗaga waya kamar yadda ta ɗaga shi ranar Talata.

Asabar, 6 ga Yuli, da hantsi

Noelene ta kira. Shekararta saba'in da uku, talatin da ɗaya babu giya, har yanzu muryarta kamar ana jan kujera a kan siminti.

"Ke Nuhad, mutuwa kika yi ko fushi?"

"Lafiya lau nake, Noelene."

"Wannan lafiya lau ɗin naki ya fi zagi ciwo. Amayar da shi, 'yar nan."

"Ba abin da zan amayar. Ai ƙa'ida ce."

"Tukunyar shayi ce fa, ba kujerar firaminista ba. Yarinyar nan watanta takwas da dainawa, ba ta da abin da zai tashe ta daga gado ran Talata. Ke kina da miji, kina da jikoki, kina da sallolinki biyar. Ki bar mata tukunya."

Na ce na bar mata. Ta yi tari ta ce, "Akwai wani abu?" Na ɗaga ido na dubi saman firji. Na ce babu.

Da muna yara a garinmu Tarabulus, Hajja Bahija da ta koya mana karatu takan sa mu share masallacin unguwa kafin azahar. Sharaɗinta ɗaya: mu ɓoye tsintsiya mu bar wurin kafin mutum na farko ya iso. In wani ya gan ki da tsintsiya ya yaba, ta ce an biya ki ke nan, kada ki jira komai a wurin Allah. Ban san me ya tuno mini da ita yau ba. Ni ba yabo nake nema ba.

Talata, 9 ga Yuli, bayan azahar

Na miƙa wa Shontelle makullin a gaban kowa. Wanda suka sani.

Akwai na biyu. Shekara huɗu da suka wuce na farkon ya ɓace mini kwana ɗaya, da na gan shi sai na je aka yanka mini wani. Yana cikin ƙaramin aljihun jakata tare da carbi. Ba wanda ya tambaye ni, saboda haka ban yi ƙarya ba.

Shontelle shekararta ashirin da shida, da zanen tsuntsu a wuya, Anti take ce mini. Ni ce jagorarta. Ni na ce mata tun ranar farko, duk abin da ya taso, kafin ta yi komai, ni za ta fara kira.

Ta jera kujeru a karkace. Madarar ba ta kai ba. Shayin kamar ruwan ɗaurayar kofi. Des ya kurɓa ya ɗaga kofi sama ya ce, "Kai, ƙanwata, wannan shayin ya tashe ni daga matattu!" Aka yi dariya, ta rufe fuska da hannun riga. A shekara shida ban ji Des ya ce komai a kan shayina ba. Ashe mai kyau ba a jin sa.

Na zauna a kujerar tsakiya, hannuwana a cinya. Ban san inda ake ajiye hannu ba in babu aiki.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Abu Rabih ya ce ya daina sha, suna sa shi jiri, ya gwammace ciwon. Ya ce a mayar da sauran kemis. Mutum ya ture su haka kawai, kamar ya ture tuwon da ya huce. Ban taɓa gane irin waɗannan mutanen ba.

Saura goma sha huɗu. Gobe zan mayar.

Juma'a, 12 ga Yuli, da rana

An yi ruwa. Gobe zan mayar.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan la'asar

Shontelle ta kira sau uku. Ina murɗa ƙullun gurasar mana'ish na ga sunanta yana haske a kan tebur. Na san me za ta tambaya: ƙarfe nawa ake kunna tukunya, wace madara ake saye. Mai makulli ai ita ta san wannan. Ta bar saƙonnin murya. Ban saurara ba.

Hannuna da gari ne, shi ya sa.

Goma sha huɗu. Na sauko da kwalin don in goge saman firjin ne kawai.

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ba a buɗe zauren ba yau.

Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Na isa sha biyu saura kwata, kamar kowa, na tarar da mutum takwas a rakuɓe jikin bango, ƙofa a kulle. Shontelle ba ta zo ba. Noelene tana wurin likitan ido. Des ya kira wayar Shontelle, a kashe. Ya kira ofishin cocin, ba kowa.

Ya juyo, ruwa na ɗiga daga hularsa, ya ce, "Nuhad, ba ki da wata dabara? Ke ce uwar ɗakin nan."

Na ce, "Ai na miƙa makullina, Des. A gabanka."

Gaskiya na faɗa. Kowace kalma gaskiya ce.

Jakata tana kafaɗata duk tsawon lokacin. Minti goma kawai na ce a raina. Su ɗan jiƙe minti goma, su san abin da ake nufi da a zo a tarar da ƙofa a buɗe. Da minti goman ya cika, na riga na ba Des amsa, ta yaya zan sa hannu a jaka?

Akwai wata mata a tsallaken titi, gefen tashar bas, da koriyar lema. Ba tamu ba ce. Siririya, za ta yi arba'in, tana riƙe da 'yar takarda irin wadda ake ba mutum a asibiti da adireshinmu. Ta dubi takardar, ta dubi ƙofar, ta dube mu. Na san wannan tsayuwar. A daidai wurin na tsaya shekara goma da suka wuce, ƙafafuna sun ƙi tsallakowa, har Noelene ta leƙo daga ƙofa ta ɗaga murya ta ce, "Ke mai mayafi, shigo mana, ruwan ya tafasa!"

Ranar ƙofa a buɗe take.

Sha biyu da minti ashirin Des ya ce mu tafi shagon shayi na kan kwana mu zauna. Na waiwaya. Bas ya zo ya wuce, babu lema a tashar.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan asuba

Ƙila ba wurinmu ta zo ba. Ƙila bas take jira.

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

Na saurari saƙonnin. Zan rubuta su yadda suke, don kada gobe zuciyata ta gyara su.

Na farko: "Anti, ni ce. Mama ta faɗi a banɗaki, an kai ta asibiti a garin Wollongong, yanzu zan hau jirgin ƙasa. Don Allah ki kira ni."

Na biyu: "Anti, ba zan iya dawowa kafin gobe ba. Na bar makullin wurin maƙwabciyata, ƙofa mai lamba shida, na ce mata wata mai mayafi za ta zo. Ki buɗe mini, kin ji? Ba wanda ya iya kamar ke."

Na uku: "Anti, cajina zai ƙare. Na san za ki buɗe. Na gode, na gode."

Ni kaɗai ta kira. Haka na koya mata.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan azahar

Abu Rabih ya tafi masallaci da ɗanmu Rabih. Gidan shiru.

Bayana ne ke ciwo. Da gaske yake ciwo.

Juma'a, da magariba

Goma sha uku.

Asabar, 20 ga Yuli, da hantsi

Guda ɗaya ce. Magani ne, likita ne ya rubuta, don gidan nan aka rubuta shi. Da ciwo na sha ba da nishaɗi ba. Wanda ya sha ruwa da mantuwa a azumi ai azuminsa na nan.

Sai dai ni ban manta ba. Na cika kofi da ruwa, na zauna, har bisimilla na yi.

Abin da ba zan iya gaya wa kowa ba shi ne daɗin da na ji. Awa uku babu koriyar lema a idona.

Lahadi, 21 ga Yuli, bayan la'asar

Abu Rabih ya dogara sanda ya miƙa hannu saman firji da kansa. Ya buɗe kwalin ya daɗe yana kallo.

"Umm Rabih, ba sha huɗu na bari ba?"

"Ƙila ka sha ka manta. Ai kana cikin jiri lokacin."

Ya sa kwalin a aljihun rigarsa, ya kira Rabih ya ce ya zo ya kai shi kemis. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ba ki kira tsohuwar nan ba kwana biyu." Shekara talatin da biyu muna tare, bai taɓa ce mini maƙaryaciya ba. Yau ma bai ce ba. Da ya ce da ya fi mini sauƙi.

Wannan ƙarya ce sosai, ba irin ta ranar Talata ba. Ko kuwa duk ɗaya ne.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na je. Shontelle ta dawo, ta buɗe tun goma. Da zagayen magana ya zo kanta ta tashi tana kuka ta ce ita ta bar mutane a ruwa, ita ba ta isa riƙe komai ba, haka take tun tana yarinya, duk abin da aka damƙa mata sai ta ɓata. Ta ce ƙila saƙonninta ba su shiga wayar Anti ba, don jirgin yana bin ramuka. Ta samo mini uzuri da kanta. Ta ciro makullin ta ajiye a kan tebur ta ce a mayar wa mai shi.

Des ya ce, "To, ƙila mun yi gaggawa. Nuhad, in kin yarda, mako mai zuwa sai a ɗaga hannu a mayar miki." Kawuna suka gyaɗa. Wani ya ce dama shayin Nuhad ya fi. Yau suka sani.

Noelene ba ta gyaɗa ba. Da sabon tabarau take kallona. Ta ce kada a manta ran shida ga watan gobe akwai kek, Nuhad za ta cika goma, ita za ta gasa da hannunta. Aka yi tafi.

Ga abin da na roƙa, an ajiye mini a kan tebur. Sharaɗin mai riƙe makulli ɗaya ne tak: wata shida ba ta taɓa komai ba. Ni kwanana huɗu. Ba wanda ya sani sai Allah, sai wani mai sanda da ba zai taɓa faɗa ba.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan asuba

In na yi shiru: makulli, kek, shekara goma. In na yi magana: ba ko ɗaya. Na iya lissafi.

Juma'a, 26 ga Yuli, da rana

Na kama kaina ina tuna sunan likitan da ba ya yawan tambaya. Har lambar bas ɗin da ke zuwa can na tuna.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Na je gidan Noelene ba tare da na kira ba. Na tarar da ita a kicin da gari har gwiwar hannu, tana gwajin kek ɗina. Na ciro makulli na biyu na ajiye kusa da kwanon.

Ta leƙa ta ce, "Wannan ai tsohon labari ne. Duk wadda ta daɗe da makulli tana da na biyu. Nawa sai da jagorata ta raka ni na jefa shi a kogi. Yana jakarki ranar ruwan?"

Na ce yana ciki. Na gaya mata saƙonnin. Na gaya mata matar.

"Sai me? Ba makulli ne ya sa fuskarki ta zama haka ba."

"Guda ɗaya. Juma'ar waccan."

Ta kashe murhu. Ta goge hannunta a hankali, yatsa bayan yatsa. Ta ce, "To kwananki takwas. Sannu da zuwa."

Sai abin ya ɓalle mini. Ni da ba a jin muryata daga ɗaki zuwa ɗaki, na ce da ba ta ɗaga hannunta ba da duk wannan bai faru ba, aikin nan shi ke riƙe da ni, sun zare mini shi kamar an zare wa mai gwiwa sanda.

Ta ce, "Da ban ɗaga ba, da kin mutu a bakin tukunyar nan kina murmushi. Yaushe rabon da ki yi magana a zagaye? Shekara nawa kina ɓuya a bayan kofuna? Laifina ɗaya, na bar ki shekara biyar don ina son shayi mai kauri. Wannan nawa ne, na ɗauka. Sauran naki ne, 'yar nan."

Na ce matar fa, yaya zan nemi gafararta?

"Kin san sunanta? Kina da lambarta? To ba a gyara wannan da baki. Sai dai ki tsaya inda za ta gan ki, in tana da rai."

In tana da rai. Noelene ba ta iya rufe magana da zane ba.

Talata, 30 ga Yuli, bayan azahar

Kafin a ɗaga hannu na tashi. Na ce sunana Nuhad, 'yar ƙwaya ce ni, kwanana goma sha ɗaya. Wani kofi ya ƙwanƙwasa a kan faranti, shi ke nan ƙarar da na ji. Na faɗi sauran. Makullin, da ruwan, da saƙonni uku da suka shiga wayata lafiya lau.

Des ya miƙo mini 'yar farar alamar da ake ba sabon shiga. Ya ce, "Ki dinga dawowa," kamar yadda ake ce wa kowa.

Shontelle ba ta jira an tashi ba. Ta ce, "Kin bar ni na tsaya nan ina kuka, Anti. Kina zaune kina kallona." Na ce haka ne. Ta ce za ta nemi wata jagorar. Na ce ya kamata. Ta ɗauki makullin daga kan tebur ta sa a aljihun wandonta, ba wanda ya ɗaga hannu, ba wanda ya hana.

Aiki ɗaya ne ake ba mai kwana goma sha ɗaya: tsayuwa a bakin ƙofa a yi wa masu zuwa maraba. A waje, cikin sanyi. Ba mai so. Noelene ta ce Nuhad za ta yi.

Ba zan ce na ji sauƙi ba. Mutane suna cewa ana jin sauƙi. Ni kunya na ji, da haushin kek.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Yau ne da zan cika shekara goma.

Na tsaya a bakin ƙofa tun sha ɗaya da rabi. Ta bayana ina jin Shontelle tana jan kujeru, a karkace, ko ban duba ba na sani. Can ta fito da kofi ta dangwarar a kan matakala ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sha, kada ki daskare mana a ƙofa." Ba ta ce Anti ba.

Shayin ruwa ne zalla. Na shanye.

Sai da bas na farko ya tsaya a tsallake na lura rana ake yi, sama fes. Ba mai ɗaukar lema yau. Na yi ta ƙoƙarin tuna fuskarta, ashe ban dubi fuskarta ba, lemar kawai na gani, don hankalina na kan jakata.

Mutum uku suka sauko. Wani tsoho da kare, da mata biyu da ledojin cefane. Ban san ko tana ciki ba. Na ɗaga murya, ni Nuhad, har tsohon ya waiwayo, na ce musu duka su shigo, ruwan ya tafasa.

Ba wanda ya tsallako.

Kwana goma sha takwas. Bas na biyu sha biyu saura biyar yake zuwa, shi ma na gaya musu.